Littafin aikin ajinmu na Yelwa: da wane yare za mu koyar?

Asabar, 12 ga Oktoba 2024

Yau muka share ɗakin da ke bayan shagon Kawu a unguwar Yelwa, nan Garwa ta Kamaru, muka jera tebura huɗu, muka ɗora kwamfutoci tara da Allah ya hore mana. Bakwai ne suka tashi. Tsofaffin kayan ofis ne da aka hauro da su daga Duwala: biyar masu Windows 7 da ram giga 2, biyu masu giga 4. Yara goma sha huɗu suka rubuta suna. Yawancinsu ’yan lise ne, wato babbar sakandare, uku masu gyaran waya ne a babbar kasuwa, biyar daga cikin jimillar ’yan mata ne.

Abin da ya sa na buɗe wannan littafin shi ne gardamar da muka yi da abokin aikina bayan la'asar, har magariba ba mu daidaita ba. Da wane yaren kwamfuta za mu fara? Shi a Ngaundere ya yi karatu, kuma da C ya buɗe ido. Ya ce min, "Malam, wanda ya koyi tuƙi da babbar mota, ƙarama ba ta ba shi tsoro." Hujjarsa ba ta banza ba ce. Tun 1972 Dennis Ritchie ya samar da C a Amurka, kuma har gobe a kansa zuciyar Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta irin Windows, take tsaye. Shi kansa Python ɗin da nake so, babban injinsa da C aka rubuta shi. Ya kuma tuna min cewa ’yan ajin ƙarshe suna da jarrabawa a gabansu. Na duba littattafan rubutunsu na ga gaskiyarsa: algoritim (jera matakan aiki ɗaya bayan ɗaya) da Faransanci, HTML na tsara shafin intanet, ɗan JavaScript, sannan C da SQL, yaren taskar bayanai, a wajen manyan.

Ni kuwa da Pascal na fara, yaren Niklaus Wirth na 1970, wanda ya rasu ranar farko ta wannan shekarar. Ina girmama yaren, amma ba na manta makonnina na farko, ina zaune ina farautar waƙafi mai ruwa ɗaya da ya ɓace, alhali ban ma gane abin da nake so injin ya yi ba. Mu da yawa muka fara, kaɗan muka ƙarasa. Ba na son wannan ya faru a ɗakin nan. Yaron da ya baro teburin gyaran wayarsa ranar Asabar, ranar ciniki, dole ya ga wani abu ya motsa tun ranar farko.

Mun rabu a kan cewa za mu gwada, mu bar yaran su raba mana gardama.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Injinan sun rage mana zaɓi kafin mu ce uffan. Ɗaya daga cikin masu gyaran waya ya tambaye ni ko za su koyi yin manhajar Android. Na gaya masa gaskiya: Kotlin, wanda Google ta fifita tun 2019, da Java da ya riga shi, duka Android Studio, wurin rubuta kod ɗin Android, ake buɗe musu, shi kuma giga 8 yake nema a ƙalla. Injinanmu ko ƙofarsa ba za su kai ba. An cire su.

Python ma sai da dabara. A farkon watan nan 3.13 ya fito, amma ba ya hawa Windows 7. Na ƙarshe da ke hawa shi ne 3.8, wanda a wannan watan aka daina yi masa gyara. Abin ya dame ni, sai dai ga mai koyon fari babu abin da zai rasa a cikinsa, kuma injinan ba sa shiga intanet. Na sauko da Thonny, ɗan ƙaramin wurin rubuta kod da aka yi a jami'ar Tartu ta Estoniya don masu koyo. Akwai kwafinsa da ke tafe da Python 3.8 a ciki. Sau ɗaya na sauko da shi da datar dare, na zuba a filas, na zaga da shi tebur tebur. Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne yana tafiya da kai taki ɗaya ɗaya, kana ganin ƙimar kowane abu tana canzawa a gefe.

Scratch, yaren yara mai hoton kyanwa da ake jera umarni kamar tubala, mun ajiye shi. Aiki ne mai kyau, tun 2007 yake taimakon yara, kuma yana magana da Faransanci. Amma da na nuna wa manyan, ɗaya ya ce, "Malam, wannan kyanwar ai ta ƙannenmu ce." Idan mun buɗe ajin ƙanana za mu koma masa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

An yi gwajin. Aiki ɗaya muka ba kowa: mutum ya faɗi kuɗi da dala kamar yadda ake ciniki a kasuwa, injin ya mayar da shi saifa. Dala ɗaya saifa 5, kowa ya san wannan tun yana aiken gida, don haka babu wanda lissafin ya tsare. Rabi suka zauna da abokina a kan C, rabi da ni a kan Python, bayan awa ɗaya muka yi musanya.

A Python layi biyu ne. Na biyun shi ne `print(dala * 5)`, kuma wata yarinya ta karanta shi da kanta ta faɗi abin da zai yi kafin ta danna. A C sai da aka rubuta kusan layi takwas, kuma a cikinsu akwai abubuwa huɗu da abokina ya ce "ku rubuta haka nan, za ku gane daga baya". Wannan jimlar ita ce ta kashe masa hujja, shi ma ya ji nauyinta a bakinsa.

Ga wani abu da babu wanda ya hango a cikinmu: kibod. Biyar na Faransa ne, masu farawa da AZERTY, biyu kuma na Turanci da muka saya a hannun masu kawo kaya daga Najeriya. A na Faransa, lambobi sai an danne Shift, aya ma haka. Baka mai lanƙwasa, wadda C ba ya motsi sai da ita, tana ɓoye ne a ƙarƙashin maɓallin AltGr da 4, ta rufewa kuma can a wani maɓalli daban. Alamar da ake buɗe layin farko na C da ita, AltGr da 3. Yaron da bai saba da kibod ba, minti biyar yake yi yana neman alama ɗaya, kafin ya same ta tunanin da ya taho da shi ya tsere. Python ma yana da nasa alamomin da ke bayan AltGr, musamman in an zo jerin abubuwa, amma ba a ranar farko ba. Idan yaro ya tashi daga kibod ɗin Faransa ya koma na Turanci kuwa, A ta zama Q, M ta yi hijira. Daga yau kowa da injinsa, ba a canzawa.

Mun yanke: Python ne yaren ajin. C zai shigo a Fabrairu ga masu jarrabawa kawai. Abokina ya yarda, amma ya sa sharaɗi, cewa duk darasi sai an fara rubuta shi a allo da algoritim irin na makaranta kafin a taɓa inji. Na karɓa hannu biyu.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ashe tambayar da muka yi ta gardama a kanta ita ce ƙarama. Babbar ita ce da wane harshe ake bayani.

A ɗakin nan harsuna huɗu ne ke aiki lokaci ɗaya. Ni ina bayani da Hausa. Yara biyu Fulatanci ya fi zauna musu, sai na kusa da su ya fassara. A allo muna rubuta Si, Alors, Sinon, Tant que, kamar yadda aka koya musu a lise. A inji kuma kalmomin Turanci ne: if, else, while. Da farko na ji tsoron Turancin, sai na ga ba shi ne matsalar ba. Keɓaɓɓun kalmomin Python ba su kai arba'in ba, waɗanda muke taɓawa yanzu ba su wuce goma sha biyu ba, kuma yaran sun haddace su kamar sunayen kayan gyaran waya. Inda Turanci yake cizo shi ne saƙon kuskure. Injin zai yi ja, ya zubo jimla mai tsawo, yaro ya janye hannu ya zuba min ido. Na ɗauki kwali na rubuta kurakurai shida da suka fi fitowa, kowanne da ma'anarsa da Hausa, na manna a bango. NameError: ka kira sunan da ba ka raɗa ba. TypeError: ka haɗa abin da ba ya haɗuwa. IndentationError: layinka bai tsaya a sahu ba. Wannan na ƙarshen su suka ba ni shi, domin da na ce Python yana duba inda kowane layi ya fara, wani ya ce, "Kamar sahun salla ke nan, Malam." Tun daga nan ban sake dogon bayani a kai ba.

Mun raɗa wa abubuwa suna. Wurin da ake ajiye ƙima mun kira shi mazubi. Umarnin da ke maimaita aiki, zagaye. Guntun kod ɗin da ake ba wa abu ya dawo da sakamako, ɗan aike: ka ba shi kuɗi, ya dawo maka da kaya, ba ruwanka da hanyar da ya bi. Ina kuma faɗa musu sunan Faransancin kowanne sau ɗaya, saboda takardar jarrabawa ba ta san ɗan aike ba.

Abin da ya faranta min rai a makon nan: Python 3 yana karɓar haruffanmu masu lanƙwasa a sunan mazubi. Wata ɗaliba ta rubuta `kuɗi` da ɗ ɗinta, injin bai yi gardama ba. Ta juyo ta ce, "Malam, ashe yana jin Hausa." Na ce bai ji ba tukuna, amma bai kore ta ba. Sai dai shigar da harafin wahala ne, babu shi a ko ɗaya daga cikin kibod ɗinmu, sai an kwafo daga wani fayil da na ajiye musu.

Wani tarko kuma daga makaranta ya biyo su. Da Faransanci sha biyu da rabi 12,5 ake rubutawa, da waƙafi. Python aya yake so. Duk wanda ya gwada lissafin matsakaicin makinsa sai da ya faɗa wannan ramin. Na bar su suka faɗa, sannan muka koyi yadda ake musanya waƙafi da aya kafin a mayar da rubutu lamba.

Asabar, 7 ga Disamba

Babu wuta tun safe. Mun yi darasi a takarda. Yaro ɗaya ya zama inji, wani ya riƙe ƙoƙuna uku a matsayin mazubai, muna zuba tsakuwa muna kwashewa. Zagayen da ya gagari rabin ajin makon jiya, yau ya zauna. Abokina bai ce komai ba, amma na san sharaɗinsa ne ya yi rana. Daga yanzu rabin awar farko a takarda za mu riƙa yi, da wuta ko babu.

Asabar, 28 ga Disamba

Ƙanwata da ke karatun injiniya a Marwa ta zo hutu, ta zauna a bayan aji tana kallo. Da aka tashi ta ce, "Yaya, aikin yana kyau, amma wa zai gani? Iyayensu ba su da kwamfuta. Waya ce a hannun kowa."

Maganar ta tsaya min, domin a makon ne Kawu ya leƙo ya ce, tunda ya ba da ɗaki, yaran su yi masa abin da zai maye littafin bashin shagonsa, wanda ruwa ya taɓa jiƙawa ya rasa shafi uku. Na ce za a yi. Ya ce, "A wayata nake so, ɗana, ba zan riƙa zagayowa bayan shago ba duk sanda aka karɓi mudun gero." Ga shi abin da muke rubutawa a Thonny a Thonny yake zama. Akwai Pydroid da ke gudanar da Python a waya, masu gyaran wayar ma sun sa shi suna bita da shi a kasuwa, amma wannan kayan mai koyo ne, ba abin da za a miƙa wa dattijo ba.

Hujjar ƙanwata ita ce JavaScript. Brendan Eich ya tsara shi cikin gaggawa a 1995, kuma alamun gaggawar suna nan a jikinsa, amma shi ne yaren da kowace burauza take ji ba tare da an sa mata komai ba. Fayil ɗaya za ka rubuta, ka tura ta WhatsApp, a buɗe a waya. Tsofaffin injinanmu suna iya ɗaukarsa. Yana kuma cikin littattafan ’yan lise. Gani ya kori ji, in ji ta, uwar da ta ga aikin ’yarta a tafin hannunta ba za ta hana ta zuwa aji ba. Wannan ta taɓa ni, don ’yan mata biyu sun fara fashi, kuma na san daga gida ne.

Na amince mu shigo da shi bayan hutu, Asabar Python, Lahadi JavaScript.

Lahadi, 19 ga Janairu 2025

Na yi kuskure, kuma yaran ne suka biya.

Mako biyu muka yi da yaruka biyu, ajin ya rikice. Suna sa baka mai lanƙwasa a Python, suna sa ruwa biyu a JavaScript. Wanda ya iya zagaye a Disamba yanzu yana tambayata wane iri. Mafi muni shi ne ranar da muka haɗa rubutun "5" da lamba 3. Python ya ƙi, ya ce ba sa haɗuwa, kuma yaran sun san dalili tun daga kwalin bango. JavaScript ya karɓa ya ba da 53, da aka ce ya debe kuma ya ba da 2. Wani yaro mai natsuwa ya ce, "To Malam, wanne ne mai gaskiya?" Na ba shi amsa, amma na ga a fuskarsa cewa abin da ya fara tsayawa a kansa ya girgiza. Wanda ya ƙware zai ɗauki wannan a matsayin halin kowane yare. Mai wata uku da farawa bai kai nan ba, yana buƙatar ƙasa ɗaya mai tauri da zai taka.

Taura biyu ba ta taunuwa. Na faɗa wa ajin cewa laifina ne, mun dakatar da JavaScript. Ranar Lahadi za ta zama ta HTML da CSS mai ƙawata shafi kawai, waɗanda ba sa karo da abin da suke koyo, kuma suna ba su abin nunawa a gida. Na kira ƙanwata na gaya mata. Ta ce ba ta janye maganarta ba, amma ta yarda lokacin ne bai yi ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Littafin bashin Kawu ya fara tafiya a Python. Mun yi amfani da SQLite, ɗan ƙaramin ma'ajin bayanai, wanda yake zuwa a cikin Python ɗin, ba sai an sauko da komai ba, ga shi kuma ’yan ajin ƙarshe sun samu wurin gwada SQL ɗin da suke haddacewa ba su taɓa ganin yana aiki ba. Kuɗin duka da cikakkiyar lamba muke ajiye shi, tunda saifa ba ta da ɓari a kasuwa.

Haruffanmu sun ba mu aiki sau biyu. Na farko, da muka zo fitar da jerin kaya zuwa fayil, shirin ya tsaya cak a kan ƙ, domin Windows ɗin Faransanci da tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai yake buɗe fayil idan ba a ce masa komai ba. Sai an ambaci utf-8, tsarin da ke ɗaukar haruffanmu, ƙarara. Na biyu, da muka ce ya jera kayan bisa haruffa, sai ƙwai ya koma bayan zuma, saboda lambar ƙ a tsarin Unicode, mai ba kowane harafi lambarsa, ta fi ta z nisa. Ɗalibar nan mai `kuɗi` ita ta ƙi yarda a bar shi haka. Ta rubuta jerin haruffan Hausa da hannunta, ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, muka yi ɗan aike da ke jerawa da shi. Wannan ne kod na farko a ɗakin nan da ba daga wani littafi aka samo shi ba, buƙatarmu ce ta haife shi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Masu jarrabawa shida sun yi mako uku a C tare da abokina. Ya so a fara tun Janairu, yana cewa ba a fafe gora ranar tafiya, amma yanzu shi da kansa ya ce saurin da suke yi bai taɓa ganin irinsa ba. Sun riga sun san mazubi da zagaye da ɗan aike, rigar kawai ake canza musu. Abubuwan nan huɗu na "za ku gane daga baya" yanzu yana bayaninsu ana fahimta.

Ni ma dole in rubuta inda ya fi ni gaskiya. Akwai abin da na kasa fahimtar da su a Python: idan ka ba jeri ɗaya suna biyu, ka taɓa ta nan, sai ta can ma ta canza. Na yi bayani har sau uku bai shiga ba. Da ya koya musu adireshin ƙwaƙwalwa a C, ya zana gida ɗaya da mutum biyu suka riƙe kwatancensa, suka dawo ajina suna yi wa sauran bayani. Zan roƙe shi ya yi wa ajin duka wannan darasin, ko da ba za su rubuta C ba.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya kai rabi, zafin Garwa ya sauka. Mun mayar da aji ƙarfe bakwai na safe, mu tashi kafin goma. Injina biyu suna kashe kansu idan ɗakin ya ɗumama. Mun buɗe su mun hure ƙurar hunturu, ɗaya ta warke. Masu giga 4 ɗin na sa musu Debian 12, wani nau'in Linux, don a samu Python sabo a ɗakin, a kuma fara sabawa da barin Windows 7, wanda aka daina kula da shi tun Janairun 2020.

Yara goma sha ɗaya ne suka rage. ’Yan matan biyu da suka yi fashi, ɗaya ta dawo bayan ta nuna wa mahaifiyarta shafin da ta yi wa sana'ar ɗinkinta a waya. Ɗayar zan je gidansu bayan salla tare da matata.

JavaScript ya dawo, amma ga mutum huɗu kawai, waɗanda suka gama littafin bashi a Python kuma suka iya bayanin kowane layi a cikinsa. Su ne suke mayar da shi shafin waya. A wannan karon maganar "5" da 3 ba ta girgiza kowa ba, ɗaya ma cewa ya yi sai a riƙa tantance abin da aka shigar tun a ƙofa. Kawu ya gwada jiya, ya sa bashin mutum uku da kansa. Na hana shi ajiye littafin takarda tukuna, domin abin da ya shigar a cikin burauzar wayarsa yake zaune, idan wani jikansa ya goge bayanan burauzar, bashin ya tafi. Aikin mako mai zuwa shi ne maɓallin da zai fitar da komai zuwa fayil ya tura wa kansa kowace Juma'a.

Wata sabuwar gardama ta kunno kai. Ɗaya daga cikin masu gyaran waya ya samu mai son a yi masa shafin otal ɗinsa da WordPress, manhajar gina shafukan intanet, wanda da yaren PHP aka gina shi, yana tambaya ko za mu koyar. Abokina yana ganin inda kuɗi yake nan ya kamata a bi. Ni ina tuna Janairu. Na ce masa ya kawo abin da mai otal ɗin yake so a rubuce ranar Asabar, mu duba tare, domin ina zaton HTML da CSS ɗin da ke hannunsa za su kai shi fiye da rabin hanya ba tare da ya rubuta layin PHP ko ɗaya ba.